Zaman da Aka Ƙarasa a Wajen Rakiya

Ranar da kwamitinmu ya je zama a unguwar Nima da ke nan Accra ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku sababbi kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa ba na kashe na'urar ɗaukar magana sai na ga mota ta tashi, har na ji wasunku na cewa Baba Mutala tsufa ne ya fara kama shi. To, ku ja kujera. Wanda ya taɓa jin labarin ya yi haƙuri ya sake ji.

A lokacin ni ne tafintan kwamitin tsaro na majalisa, ni ne kuma mai riƙe na'ura. Ina juya Hausa da Faransanci zuwa Turanci, in an tashi in zauna in rubuta duk abin da aka faɗa. Shugabata ita ce Madam Efua, babbar magatakardar kwamiti. Ba ku riske ta ba, kun yi asara. Gajeriyar mace ce mai gilashi da igiya a wuya, dokokin zaman majalisa kuwa ta haddace su tas. Ko minista ne ya shigo ofishinta ba ta tashi, sai dai ta nuna masa kujera da biro. Tsoronta nake ji, ina kuma sonta, ban taɓa iya raba biyun ba.

Maganar da ke gabanmu ita ce ta jirage marasa matuƙa, waɗanda mutanen titi ke kira duron. Akwai wani kamfani a nan da ke harhaɗa su, sai gwamnatin wata ƙasa ƙawarmu da ke can arewa ta nemi ta saya wa sojojinta. Irin wannan ciniki ba kamar sayar da siminti ba ne. Dole gwamnati ta kawo yarjejeniyar gaban majalisa, majalisa ta miƙa wa kwamiti, kwamiti ya saurari masu ruwa da tsaki, sannan ya rubuta rahoto ya ce a yarda, ko a ƙi, ko a yarda da sharaɗi. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne wannan: maganar da ba a faɗa a cikin zama ba, ba ta shiga rahoto. Abin da bai shiga rahoto ba kuwa majalisa ba ta san da shi ba, ko da duk Accra na maganarsa a trotro, motocin hayar nan. Shi kuma zama, bakin ciyaman ne ke buɗe shi, bakin ciyaman ne ke rufe shi.

Mun saurari ma'aikatar tsaro, mun saurari kamfani, mun saurari manyan soja. Kowa ya zo da hotuna masu kyau a allo. Ciyaman ɗinmu tsohon malamin makaranta ne, dattijo mai sanyin hali, muna ce masa Papa Ciyaman a bayan idonsa. Shi ne ya ce bai gamsu ba. Ya ce an gaya masa 'yan albasa da ke sauke kaya a kasuwar Agbogbloshie ta wannan ƙasar motocinsu ke ratsowa, yana so ya ji daga bakinsu. Da aka ce masa ba za su saki jiki a ginin majalisa ba, sai ya ce to kwamiti ya je ya same su a gida. Doka ta yarda da haka, Madam Efua ta buɗe shafin ta nuna.

Aka tsayar da gidan shugaban 'yan albasa a Nima, wanda kowa ke kira Alhaji Sarkin Albasa. Ni ɗan Nima ne, a bayan gidan nan aka yanke mini cibiya, don haka kwana biyun nan ina tafiya ina jin kaina. Majalisa za ta zo unguwarmu.

Mutanena kuwa ba su ji "zama" ba, "baƙi" suka ji. Muna isa muka tarar an kafa rumfuna, an shimfiɗa dardumai, mata sun yi anko. Tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, na tururi a gefe, ga tuwo da miyar ayoyo, ga sobolo, zoɓon nan namu, cikin ƙanƙara. Bas ɗinmu ba ta iya shiga lungu ba, a bakin babban titi muka bar ta muka taka. Madam Efua ta dubi tukwanen nan ta saman gilashinta ta ce mini, "Mista Mutala, zama na ce ka shirya, ba suna ba."

Na ce, "Madam, a nan duk ɗaya ne."

Akwai kuma baƙon da ban sa rai da shi ba. Ma'aikata ta zo da wani kanar daga ofishin jakadancin ƙasar da ke son sayen, a matsayin ɗan kallo. Doka ba ta hana ba, tunda zaman na fili ne. Da a ce mutumin banza ne da abin ya zo da sauƙi. Amma mutumin kirki ne. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya zuba Hausa cikakkiya, ba irin tamu ta Nima ba da ke ce wa mace "ya zo". Ya tambayi tsofaffi garuruwan iyayensu, ya san rabinsu. Da aka kawo tuwo ya ture cokali ya sa hannu. Kafin a buɗe zama, tsofaffin matan nan sun riga sun mai da shi ɗa.

Papa Ciyaman ya buɗe zama, na kunna na'ura, aka fara kiran shaidu. Kowanne Madam Efua ta rantsar da shi, ni kuma na fassara. Na farko ya yi godiya ga Allah, ya yi wa kwamiti barka da zuwa, ya yi wa Kanar barka da zuwa, ya ce hanya lafiya lau. Na biyu ya ce abin da na farko ya faɗa shi ne. Ciyaman ya tambayi wani direba ko yana da wata damuwa game da jiragen nan. Direban ya saci kallon Kanar, wanda ke suɗe yatsa, ya ce, "Honorabul, mu dai addu'a muke, Allah Ya ba shugabanni nasara."

Ina fassarawa, amma na san ba gaskiyar ke nan ba. Na san mutanen nan. Na san abin da suke faɗa a majalisar shayi da kuma bayan sallar asuba. Amma tafinta ba shi da baki nasa, abin da aka ba shi shi yake miƙawa. Kuma na gane abin da ke faruwa sarai: baƙo na zaune a kan dardumarka, hannunsa cikin miyarka, ba za ka ɗaga murya ka ce sojan ƙasarsa na ba ka tsoro ba. Kara suke yi masa.

Ta ƙarshe ita ce Hajiya Ramatu, wadda mu 'yan unguwa muke kira Mma Ramatu. Babbar dillaliyar albasa ce, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata, mace ce da in ta yi tsawa a kasuwa masu dako ke nutsuwa. Na ce a raina, yauwa, ga wadda za ta fasa. Ta yi rantsuwa, ta gyara mayafi. Sannan ta ce, "Mun gode da zuwa. Allah Ya mai da kowa gida lafiya." Ta koma ta zauna. Ban taɓa jin nauyin fassara jimla kamar wannan ba.

Papa Ciyaman ya yi ajiyar zuciya ya miƙe, ya ce, "To, tunda mun zo ƙarshe..." Ban kai ga juya wannan ba Liman, wanda ke ɗan jin Turanci, ya ji kalmar ƙarshe, ya ɗaga hannu ya ja Fatiha. Limaminmu kuwa in ya kama addu'a sai ya bi ƙasashen Afirka ɗaya bayan ɗaya. Ana shafawa kowa ya miƙe, mata suka fito da abinci a ƙunshe, aka rufe Ciyaman da musafaha. Alhaji da dattawa suka ɗauki Kanar suka yi ta ɓangaren Maamobi da shi, inda motarsa take. Sauran jama'a suka kwashe 'yan kwamiti suka nufi babban titi.

Na kai hannu zan kashe na'ura, Madam Efua ta buge mini yatsa.

"Kada ka taɓa. Bai rufe ba."

"Madam, ai an shafa Fatiha."

"Liman ɗan kwamiti ne? Ciyaman bai ce ya rufe zama ba. Rataya ta a wuya, mu kamo shi ya faɗa. Ba zan rubuta rahoton da ba shi da ƙarshe ba."

Kada ku ɗauka wani hange ta yi. Haushi ne kawai ke cinta. Haka muka bi lungu, ita a gaba da takalmi mai tsini tana tsallake kwata, ni a baya da na'ura a ƙirji da ƙunshin waakye a hannu, don ni ba a ba ni abinci in ƙi.

Mun kusa cim ma Ciyaman ke nan na ji an riƙe mini hannun riga. Mma Ramatu ce. Ta fito rakiya kamar kowa, ta bi ta gefe har ta daidaita kafaɗa da shi.

"Mutala, ɗan Asabe, gaya ma baban nan ya rage sauri. Ina da ƙaramin magana."

Duk wanda ya tashi a Zongo, unguwar Hausawa irin tamu, ya san wannan ƙaramar maganar. Mutum zai zo gidanka ya sha ruwa, ku gaisa, ku yi hirar duniya, ya ce zai tafi. Sai ka taka masa, kun kai bakin lungu, ba idon kowa, sannan abin da ya kawo shi ya fito. Mai gida ma haka, abin da bai iya faɗa a zaure ba a hanya yake faɗa. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa haɗa shi da aikin majalisa ba.

Ta fara magana muna tafiya, ina juyawa. Ta ce ƙaninta Hamidu direba ne, shi ke ɗauko mata albasa daga arewa, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Ta ce saboda 'yan fashi direbobi ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai a jere, kaya a rufe da tamfol. In la'asar ta yi sukan tsaya wuri guda ƙarƙashin itatuwa su yi sahu su yi sallah.

"To ka gani," ta ce, "wanda yake sama, me zai gani? Motoci a rufe, maza sun yi layi. Bara abin nan, duron, ya sauko musu. Sun sallame ke nan. Motar abokinsa ya ƙone ƙurmus, shi abokin ba a samu abin da za a wanke ba. Hamidu kunnensa ɗaya ba ya ji koraa, ko kaɗan. Ba mu san na wane ne ba, babu wanda ya zo ya ce nawa ne. Yanzu haka da nake maka magana Hamidu yana hanya."

Papa Ciyaman ya tsaya cak, har mai tallan koko ta kusa karo da shi. Ya ce, "Tambaye ta, me ya sa ba ta faɗi wannan a ciki ba?"

Mma ta dube shi kamar ya tambayi abin da yara suka sani. "Baƙo yana cin abincinmu. Yaron kirki ne paa. Zan kunyata shi a gaban mutane?"

Ciyaman ya girgiza kai cikin takaici ya ce mini da Turanci, "Ga maganar da muka zo nema, ga shi kuma mun tashi."

Sai muryar Madam Efua daga bayansa, tana haki: "Ba mu tashi ba, Honorabul. Ba ka rufe ba. Abin da na biyo ka in gaya maka ke nan tun daga rumfa."

Ya juyo ya dube ta, ya dubi jar fitilar na'urar da ke ƙirjina. Na ga murmushi na neman ƙwace masa. Amma Madam ba ta bari ya yi murna ba tukuna. Ta ce mini, "Gaya wa Hajiya na'ura a kunne take, ba ta sani ba. In ba ta yarda ba, abin da ta faɗa a lungun nan ba zai shiga ko'ina ba, ni da kaina zan tabbatar. In ta yarda, rantsuwarta na nan, shaida ce."

Na fassara. Mma Ramatu ta saki hannun rigata. Ta ce, "Hamidu yana wuce shingen sojansu kowane tafiya. In sunana ya fita, sunansa ya fita. Ku kuna Accra, shi yana daji."

A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Madam Efua ta cire gilashinta ta sake shi a ƙirji, ta kama hannun Mma da hannu biyu. Ta ce akwai abin da ake kira zaman sirri: a fitar da kowa sai 'yan kwamiti da ma'aikatansu, a ɗauki magana, a rufe suna, ko minista ba zai gani ba. Ta ce, "Gaya mata shekaruna a aikin nan suna bai taɓa fita ta hannuna ba."

Mma ta dube ta ido da ido. Sannan ta ce, "Matan nan ba ya dariya, amma idonsa na gaskiya ne. Mu je."

Saura wurin sirri, a Nima, da rana tsaka. Yara sun riga sun kewaye mu, tela ya leƙo, mai gyaran waya ya bar shagonsa. Ciyaman ya duba hagu ya duba dama, sai ya nuna bas. Sannan Madam ta ƙirga 'yan kwamiti ta ga saura mutum guda adadin da doka ke so ya cika. Wani honorabul ne, ba zan faɗi sunansa ba don yana raye, ya tsaya wajen mai tsire. Ita da kanta ta je ta taho da shi, tsinke a hannu, yaji a gemu.

Aka sauke direba, aka rufe ƙofa, aka ɗaga gilasai. Zafi kamar gidan burodi. Mma Ramatu ta zauna a kujerar gaba ta sake ba da labarin daga farko, a tsanake, 'yan kwamiti na tambaya ina juyawa, gumi na ɗiga a kan na'ura. Wani ya tambaye ta ko so take a hana cinikin. Ta ce a'a, 'yan fashin ma sun kashe musu mutane, ba ta ƙi a kore su ba.

"Ni dai in za ku ba mutum abu mai kisa daga sama, ku riƙa tambayarsa ina ya kai shi. Ko wuƙa na ara ma maƙwabci, ina tambaya me za a yanka."

Na juya wannan a hankali, kalma bayan kalma, don ban so ko ɗaya ta zube ba. Honorabul mai tsire ya ajiye tsinkensa. Da ta gama, Papa Ciyaman ya ƙwanƙwasa rufin bas da yatsa ya ce ya rufe zama. Madam ta dubi agogo ta rubuta, sannan ta ce mini, "Yanzu kashe."

Ba a sha da daɗi ba. Da aka zo rubuta rahoto wasu suka ce zaman bas ba zama ba ne, an riga an tashi tun a rumfa. Madam Efua ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa na kunna na'ura, kwamiti ya zauna ya saurari addu'ar Limaminmu daga farko har ƙarshe, da hayaniyar lungu, da ƙarar takalminta. Babu inda Ciyaman ya rufe. Shaidar ta shiga, da sunan "wata 'yar kasuwa". Kwamiti ya ba da shawarar a yarda da cinikin bisa sharaɗi: a miƙa jiragen kashi-kashi, kada kashi na gaba ya fita sai masu sayen sun kawo bayanin inda aka yi aiki da na baya, kuma su buɗe hanyar magana da shugabannin direbobin da ke bin hanyar. An yi ta ja-in-ja a zauren majalisa, amma sharaɗin ya tsira.

Ba zan ce muku mun gyara duniya ba. Takarda a Accra ba ta tare abin da ke sama a daji. Watannin nan duk lokacin da na ratsa ta kasuwa na hango rumfar Mma sai in sauya hanya, don ina tsoron abin da zan ji.

Sai ranar nan, bayan an fara shigo da sabuwar albasa, ga Mma Ramatu a ofishinmu, mai dako na biye da ita da buhu. Ta zauna ta gai da Madam, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi ƙafar da ta ji an ce tana ciwo. Madam ta ce doka ta hana ta karɓar albasa, Mma ta ce ta sani, ta kawo ne dai. Suka yi ta zagaye ina fassarawa, babu wanda ya ambaci Hamidu. Ni kuwa ina duban fuskarta ko zan karanci wani abu, ban ga komai ba. Can ta ce za ta koma, kasuwa na jira.

Madam Efua, wadda ba ta tashi wa minista, ta laluba ƙarƙashin tebur da ƙafa ta sa takalminta. Ta ce, "Mista Mutala, taso. Za mu raka ta."

Muka sauka bene, muka ratsa farfajiya, masu gadi na kallonmu, buhun albasa na biye. Muka fita ƙofa muka kai inda trotro ke tsayawa. Madam ta tsaya, ta juyo ta fuskanci Mma, ta jira.

Mma ta gyara mayafi. "Gaya mata Hamidu ya iso shekaranjiya. Albasan nan shi ya ɗauko. Ya ce yanzu kafin su tashi wani soja yana kiran shugabansu a waya, ya tambaya motoci nawa, ina za su tsaya sallah." Ta ƙara da cewa, "Har yanzu in ya yi sahu yana duba sama. Amma ya iso."

Na buɗe baki zan juya. Madam ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bar shi, na ji." Ba ta jin Hausa ko ta sayen ruwa. Ta sa hannu a bakin buhun ta zaro albasa guda ɗaya, ƙarama, ta jefa a jakarta, ta ce wannan doka ba za ta gani ba.

Abin da na koya ke nan, shi nake so ku riƙe. Dokokin nan da kuke gani kamar takura, mace mai taurin kai ta bi su har cikin lungu, su suka buɗe wa Mma ƙofa. Mutanenmu kuma ba ƙin magana suke ba, suna da inda suke yinta. In an aike ku sauraron jama'a, kada ku naɗe waya don an shafa Fatiha. Ku taka da su har bakin titi, ku rage sauri, na'ura a kunne.